Tsakanin Sara da Sayarwa: Inda Kuɗin Itacen Turare Ke Zubewa



Yau zancen itace za mu yi, itacen turare, wanda a wasu wurare ake kira zaiti. Doguwar bishiyar nan ce mai farin jiki da siraran ganye masu ƙamshin man zafi, wadda duk wanda ya bi hanyar Jos, ko ya ratsa Afaka a bayan Kaduna, ko ya nufi Dambatta daga Kano, ya gan ta a jere. Ba maganar dasa ta zan yi ba, an sha yin wannan. Maganata a kan abin da ke faruwa da ita ne bayan ta faɗi ƙasa, wato watannin da ke tsakanin ranar da aka sare ta da ranar da aka miƙa ta ga mai saye. A ganina, a cikin waɗannan watanni ne manomi da ɗan katako suke asarar mafi yawan kuɗin da ke jikin wannan bishiya, kuma akasari ba su san sun yi asarar ba.

Ka shiga kasuwar katako ka tambayi kafinta ra'ayinsa a kan turare, za ka ji abin da ba ka nema ba. Zai ce maka yana tsagewa, yana murɗewa, in ya bushe ƙusa ba ta shigarsa sai ta lanƙwashe, kuma ƙofar da ka haɗa da shi a damina kafin hunturu ya fita ta buɗe baki, kana hango tsakar gida ta tsakanin falankai. Duk gaskiya ya faɗa. To amma wannan itacen da kafintanmu yake tsaki a kansa, shi ne ƙasar Barazil ta shuka fiye da hekta miliyan 7, shi take narka ƙarfe da gawayinsa, shi take sayar wa duniya a matsayin ƙullin takarda. Bishiyar ɗaya ce, dangi ɗaya ce. Bambancin da ke tsakaninmu da su, babban kaso daga cikinsa, sanin yadda ake fitar da ruwa daga jikin itace ne, da sanin wane aiki ne ke son ruwan ya fita, wane ne kuma ke son a bar shi.

Asalin bishiyar daga Ostireliya take, kuma irinta ya haura 700. A Habasha, Sarki Menelik na Biyu ne ya sa aka shigo da ita wajen 1895, lokacin da ƙarancin itacen girki ya addabi sabon birninsa na Addis Ababa. A Barazil, wani masanin aikin gona mai suna Edmundo Navarro de Andrade ya fara gwajinta a 1904 domin wani kamfanin jirgin ƙasa na jihar Sao Paulo da ke neman makamashi da katakon shimfiɗa dogo. Mu kuma a nan, an dasa ta a filayen da haƙar kuza ta lalata a Jos, an yi gwaje-gwajenta a tashar binciken gandun daji ta Samaru da kuma Afaka, sannan a shekarun 1970 da 1980 aka jera ta a matsayin shingen tare iska da hamada a jihohin Kano da Katsina da Sakkwato da maƙwabtansu. A tsaunin Mambila kuwa, wajen Gembu da Nguroje, ta zama dukiya sosai, motoci suna saukowa da katakonta zuwa garuruwan ƙasa. Wato dai ba baƙuwa ba ce. Mun iya dasa ta, mun iya sare ta. Abin da ke tsakani ne muka bari a hannun sa'a.

Bari mu fara da lissafi mai sauƙi, mai sauraro. Ɗanyen gungumen turare, musamman na bishiya mai ƙananan shekaru da ta yi saurin girma, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Idan ka ɗora kilo 1,000 a sikeli ranar da aka sare shi, kusan kilo 500 ne itace, sauran ruwa. Masana katako suna da yadda suke auna wannan: idan suka ce danshin itace kashi 30 ne, suna nufin a kan kowane kilo 100 na tsantsar itace akwai ruwa kilo 30. To wancan itacen da ya fara da kilo 1,000, in ya sauko kashi 30, nauyinsa zai koma kilo 650. In ya kai kashi 12, wanda shi ake so ga kujera da gado da ƙofa, sai ya dawo kilo 560. Yanzu ka dubi direban da ya lodo tan 30 na ɗanyen itace daga Mambila, ya gangaro wannan tsauni mai hatsari, ya ƙona man dizal a kan farashin yau. Kusan tan 15 na abin da ya ɗauko ruwa ne, kuma ba wanda zai biya shi kuɗin ruwan. Iska za ta kwashe shi kyauta a inda aka sauke, alhali da an ba ta dama da ta kwashe shi kyauta tun a inda aka sare.

Ruwan kuma iri biyu ne, a nan ne sirrin yake. Jikin itace cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Akwai ruwan da ke kwance a cikin ramukan, akwai kuma wanda ya jiƙa bangon ramukan kansu. Na farkon shi ke fara fita, kuma a yawancin itatuwa fitarsa ba ta canza girman katako, nauyi kawai take ragewa. Sai danshi ya sauko wajen kashi 30 ne na biyun yake fara barin bango, daga nan katako yake fara tsukewa. Tsukewar ma ba daidai take ba: ta kewayen gungume ta kusa ninka ta daga tsakiya zuwa gefe, ta tsawo kuwa ba a ma cika lissafa ta ba. Wannan rashin daidaito shi ne yake sa falanki ya yi kwari, shi ne yake sa gungumen da aka bari da kewayensa ya dare daga gefe har zuciya.

Duk itace yana da wannan. Turare yana da ƙarin halaye biyu da suka sa ya fi sauran wuyar sha'ani. Na farko, saboda saurin girmansa, yana tsaye ne a ɗaure: naman da ke gefe a miƙe yake kamar ana jan sa, na tsakiya kuma a danne. Da zarar zarto ya raba shi, wannan ɗaurin sai ya nemi hanyar kwancewa. Shi ya sa za ka ga bakin gungume ya tsage tun kafin rana ta taɓa shi, wani lokaci ma da ƙara, kuma falanki yana fitowa daga bakin inji yana bauɗewa. Wannan ba laifin bushewa ba ne, amma bushewar gaggawa tana ƙara buɗe tsagar da ta riga ta fara. Na biyu, ƙofofin da ruwa ke bi daga rami zuwa rami a jikin turare ƙanana ne ƙwarai. Idan aka tilasta wa ruwan fita da sauri tun katako yana jiƙe sharkaf, sai ya zuƙe bangon ramukan su rufta ciki. A waje za ka ga fuskar falanki ta yi tudu da kwari, a ciki kuma akwai tsagogi da ba za ka gani ba sai ranar da kafinta ya sa abin gogewa.

To yanzu ku kawo hunturunmu cikin lissafin. A Kano ko Katsina ko Maraɗi, a watannin Janairu da Fabrairu, danshin iska da rana yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katakon da aka ajiye a irin wannan iska yana iya bushewa har ƙasa da kashi 6, sannan a watan Agusta ya sake shan danshi ya koma kashi 14 ko fiye. Kamfanoni a Turai kuɗi suke kashewa su gina ɗakin busar da katako, su hura masa zafi da iska. Mu Allah Ya ba mu namu a buɗe, wata huɗu ko biyar kowace shekara. Sai dai namu ba shi da makunni, ba a rage masa ƙarfi. Ga mai neman itacen wuta alheri ne tsantsa. Ga mai neman falanki kuwa, in bai yi dabara ba, hunturu zai gama masa da dukiya cikin mako biyu. Mai ginin tukwane ta san wannan tun kaka da kakanni: ba ta ɗaukar ɗanyar tukunya ta kai ta tsakiyar rana, a inuwa take fara ajiye ta har ta yi ƙwari, don in waje ya riga ciki bushewa tukunya ta fashe. Haka falankin turare yake.

Saboda haka tambayar farko da ya kamata mai itace ya yi wa kansa, tun gatari bai taɓa bishiya ba, ita ce: wa zan sayar wa? Amsar ita ce za ta gaya masa irin shanyar da zai yi.

Mu ɗauki mai wuta tukuna, domin shi ne babban mai saye a ƙasarmu: gidajen burodi, masu tsire da balangu, masu dafa shinkafa a kamfanonin gyaranta, makarantun kwana, da masu gawayi. Kilo guda na busasshen turare yana ba da zafin da ya kusa ninka na ɗanye, saboda ɗanyen sai wuta ta fara ɓata ƙarfinta wajen tafasa ruwan da ke ciki kafin ta dafa abin da ke kan murhu. Ragowar kuma hayaƙi ne, wanda matar da ke gaban murhu da yaron da ke bayanta suke shaƙa. A Kenya, masana'antun ganyen shayi da itacen turare suke hura tukwanen tururinsu, kuma sukan jibge shi a ƙarƙashin rumfuna na tsawon watanni kafin ya shiga wuta, domin sun auna sun ga bambancin a aljihunsu. A jihar Minas Gerais ta Barazil, inda ake narka tama da gawayin turare maimakon kwal, ana barin gumaguman a jere a bakin gona kamar wata uku zuwa biyar, ana neman danshinsu ya sauko wajen kashi 30 kafin a zuba su a tanda. Dalilinsu a fili yake: ɗanyen itace yana daɗewa a tanda, yana cin wani ɓangare na kansa wajen busar da kansa, sannan tururin da ke tserewa daga ciki yana farfasa gawayin ya fito da gari da yawa. Da busasshen itace da tandar bulo, sukan sami gawayi kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin itacen. Mai binne itace a rami ya rufe da ƙasa, irin yadda aka saba a dazukanmu, sau da yawa rabin haka yake samu ko ƙasa da haka, balle in ɗanye ya binne.

Ga wannan aiki, a saki hunturu ya yi yadda ya so, tsagewa ba ta rage wa itacen wuta komai, ƙara masa saurin bushewa ma take yi. A sare a ƙarshen damina ko farkon kaka. In da hali a bar bishiyar a kwance da ganyenta mako biyu ko uku kafin a datse rassan, domin ganyen zai ci gaba da zuƙo ruwa daga gangar jiki yana sakar wa iska har ya yi yaushi. A ɓare ɓawon da wuri, don a kwanakin farko yana saɓulowa da hannu, in ya kwana biyu kuwa sai ya manne, kuma gungume mai ɓawo ya fi jinkirin bushewa nesa ba kusa ba. A raba manya da ƙanana, domin siririn reshe ya gama bushewa tun babban gungume bai fara ba. Mai kauri a faskara shi. Sannan kada a zube shi a ƙasa. A shimfiɗa gumagumai biyu a ƙasa a matsayin matashi, a jera sauran a kai, bakunansu suna fuskantar inda iska ke fitowa. Itacen da ke kwance a ƙasa danshi yake sha daga ƙasa, gara kuma ta samu abinci har gida. A share ciyawa a kewaye da faɗi, don tarin busasshen itace a watan Fabrairu ba ya son ko guntun taba.

Na biyu shi ne mai sanda: sandunan rufi, sandunan da magina ke tokare dakin da su, turakun shinge, da kuma babbansu, falwayar wutar lantarki. Turare ya dace da wannan saboda miƙewarsa. A Afirka ta Kudu an daɗe ana tokare ramukan haƙar zinariya da shi. A Kamaru, maƙwabciyarmu, an kafa masana'anta a Bafoussam domin sarrafa turaren da manoman tsaunukan yammacin ƙasar ke shukawa, a mai da shi falwaya. Abin da ya kamata a sani a nan shi ne, sandar da za a kafa a ƙasa sai an ɗura mata maganin gara da ruɓewa, a cikin wata doguwar tukunyar ƙarfe da ke tura maganin da ƙarfin iska. Magani kuwa ba ya shiga ramin da ruwa ya riga ya cika. Dole sandar ta bushe zuwa wajen kashi 25 kafin a kai ta, in ba haka ba maganin a fata zai tsaya, a ga sanda ta yi launi kamar an yi aiki, bayan 'yan shekaru ta karye daga gindi. Farin naman da ke gefe shi ne ke shan magani, jan da ke zuciya ba ya sha, don haka mai feƙe sanda yana neman ta yi santsi har ya cinye farin, ya cire rigar da za ta kare ta ne. Shanyar sanda tsaka-tsaki take so: a ɓare, a jera hawa-hawa, wani jeri a gicciye kan wani, a inuwa, a ɗaure bakunan da waya ko a buga musu farantin ƙarfe mai haƙora don kada tsaga ta yi nisa.

A nan zan ɗan ratse, domin magana ce ta rai. Tsohuwar falwaya ko turken da aka ɗura wa magani, musamman mai launin kore-kore, ba itacen girki ba ne. Cikin magungunan da ake amfani da su akwai mai ɗauke da guba ta arsenik, kuma tana fita a hayaƙi, tana zama a toka. Mai tsire ko mai burodin da ya samu irin wannan a araha, ya bar shi inda ya gan shi.

Na uku shi ne wanda ya fi kawo kuɗi kuma ya fi saurin lalacewa, wato katakon kafinta. A nan abin da zan faɗa zai ba wasu mamaki: gungumen da za a yanka falanki ba a shanya shi. A Ostireliya, mahaifar bishiyar, injinan yanka katako ruwa suke fesa wa gumaguman da ke jiran layi, suna shafe bakunansu da kaki, don kada su fara bushewa kafin su hau inji. Ruwa yana fita ta bakin gungume sau goma ko fiye da yadda yake fita ta gefe, shi ya sa baki yake riga ko'ina tsagewa. Abin yi shi ne, ranar da aka sare a shafe bakunan biyu da fenti mai kauri ko narkakken kyandir, a bar ɓawon a jiki, a ja gungumen inuwa, a kai shi inji cikin kwanaki kaɗan. Falankin ne ake shanyawa, ba gungumen ba.

Yankan ma da nasa. Falankin da aka fitar daga tsakiya zuwa gefe, bayan an raba gungume huɗu, ya fi zama lafiya a kan wanda aka yanko a kwance daga gefe guda zuwa ɗaya gefen, ko da yake ya fi cin lokaci kuma mai inji ba ya son sa. A kuma ƙara ɗan kauri a kan abin da ake so, domin zai tsuke.

Sai jeri. A yi dakali ko a kafa bulo, tsayin kamu biyu daga ƙasa, a tabbata ya daidaita, domin in gindin jeri ya karkace duk falankin da ke kai zai ɗauki karkatar. A shimfiɗa falankai, a bar 'yar tazara tsakaninsu, a gicciya siraran busassun sanduna masu kauri ɗaya, kamar inci guda, kowace kusan rabin mita daga 'yar'uwarta, sannan a ɗora wani jerin. Kowace sanda ta zauna daidai saman ta ƙasanta, har sama. Wannan ƙaramin abu ne da ake rainawa, amma shi ne ke raba miƙaƙƙen falanki da mai doro. A ɗora nauyi a can sama, bulo ko duwatsu, a yi rufi da kwano ko ciyawa wanda ya zarce jerin ta kowane gefe. In hunturu ne, a kewaye da zana ko buhuna ta ɓangaren da iska ke bugowa, a makonnin farko, sannan a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan. Ni a nawa ra'ayin, wanda ke da zaɓi ya yanka falankinsa a ƙarshen damina, lokacin da iska ke da sauran laushi, ya bar shi ya yi bushewar farko a hankali, hunturu ya zo ya tarar da shi ya riga ya yi ƙwari, ya ƙarasa aikin. Mu kuwa akasin haka muke yi: sai hanya ta bushe mota ta iya shiga daji, a tsakiyar hunturu, a yanka yau, a jingina falanki a tsaye jikin bango gobe, rana ta doke shi ta fuska ɗaya. Sauri ya haifi nawa.

Yaya za a san ya bushe? Akwai ƙaramar na'urar auna danshi mai allura biyu, kuma ƙungiyar 'yan katako guda ɗaya ba za ta gaza sayen ta ba. Wanda bai da ita, sikelin mai awo ya ishe shi. Ya ware falanki biyu ko uku daga tsakiyar jeri, ya rubuta nauyinsu da alli, ya riƙa aunawa duk mako. Ranar da nauyi ya daina sauka, katako ya daidaita da iskar wurin. Falanki mai inci guda watanni yake ɗauka, mai inci biyu kuwa ya fi ninkin haka. Kuma a tuna da inda kayan za su zauna: gadon da aka haɗa da katakon da ya bushe ƙarau a Kano, in aka kai shi Legas ko Fatakwal zai sha danshi ya kumbura, aljihun tebur ya ƙi fita. Falankin da ya riga ya rufta ma yana da magani: a Ostireliya tun tuni suka gano cewa in aka turara shi da tururin ruwa na wasu sa'o'i bayan ya yi rabin bushewa, yawancin ramukan da suka rufta suna komawa yadda suke.

Akwai kuma masana'antun da ɗanyen suke so. Masu yin filawud feraye gungume suke yi a kan inji yana juyawa, ya fito shimfiɗa-shimfiɗa sirara, kuma busasshen gungume ba ya feruwa da kyau. A lardin Guangxi na ƙasar Sin za ka ga filaye cike da waɗannan siraran shimfiɗu an jingina su suna shan iska. A Yamunanagar ta Indiya, gari guda ya rayu a kan filawud ɗin da ake yi da itacen da ƙananan manoma ke shukawa a gefen gonakinsu, turare na ciki. Masu takarda su ma ba sa son itacen da ya bushe ƙarau, don dafa shi za su yi da sinadari. Sukan bar shi 'yan makonni ne kawai ya rage nauyi saboda kuɗin mota. A garin Cacia na ƙasar Fotugal aka fara fitar da farin ƙullin takarda daga turare a 1957, yau kuma kamfanin Suzano na Barazil shi ne kan gaba a duniya wajen sayar da shi. A Umkomaas, kudu da Durban, kamfanin Sappi yana narka turare ya fitar da ƙullin da ake yin zaren tufafi da shi, ta yadda mai yiwuwa wata rigar da ke jikin mai sauraro yanzu daga wannan bishiya ta fito. Mu namu kamfanonin takardar, na Jebba da Oku Iboku da Iwopin, labarinsu sananne ne, shekaru suka yi a durƙushe, littafin da ɗanka ke rubutu a ciki kuwa akasarin takardarsa daga waje take zuwa. Wannan zance ne na wata rana.

Kada wani ya ji wannan sharhi ya ɗauka ina cewa a cika ko'ina da turare. Bishiya ce mai shan ruwa, kuma amfanin gona ba ya jin daɗin zama kusa da ita. A Kenya, a 2009, ministan muhalli John Michuki sai da ya ba da umarnin a tumɓuke ta daga bakin rafuka da fadamu. Wurinta tudu ne da ƙasar da ta gaji, ba bakin rijiya ko fadama ba. Haka nan shingayen da aka dasa don tare hamada ba na sara ba ne sai da izinin hukumar gandun daji, kuma a bisa tsari. Amma wannan ma hujja ce a kan abin da nake faɗa. Bishiyar da ta sha ruwan ƙasarka shekara bakwai ko goma, in ka sare ta ka bar rabin amfaninta ya tafi a hayaƙi da tsaga, sai ka sari biyu kafin ka sami abin da ɗaya za ta ba ka. Tana da kirki guda: in aka sare ta ƙasa-ƙasa, aka ɗan karkata saran don kada ruwa ya kwanta a kan kututture, za ta sake tohowa, a rage tohon a bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a sake girbe ta sau biyu ko uku ba tare da sabon dashe ba.

Na san abin da manomi zai ce, kuma yana da gaskiya. Zai ce shi bai sare bishiya don nishaɗi ba, buƙata ce ta taso, kuɗin makaranta ko na asibiti ko na taki, ba zai iya jiran wata huɗu ba. Zai ce in ya tara itace a bakin gona, kafin ya bushe wasu sun kwashe. Zai kuma ce, wanda ya fi duka nauyi, a kasuwa da ɗauri ko da kura ko da mota ake saye, ba mai tambayar danshi, kuɗin ɗanye da na busasshe ɗaya ne. To me zai sa ya wahalar da kansa? Muddin kasuwa ba ta bambanta ba, wa'azin shanya itace ba zai shiga kunnen kowa ba.

Shi ya sa kirana ba ga manomi yake fara zuwa ba, ga masu saye yake. Mai gidan burodi, kai ne ka fi kowa sanin itace nawa kake ƙonawa a kan buhun fulawa guda. Gwada mako ɗaya da busasshe, mako ɗaya da ɗanye, ka rubuta, sannan ka sa wa busasshen farashinsa daban. Shugabannin 'yan katako, ku ware fili a kasuwa ku yi rumfar shanya ta haɗin gwiwa mai maigadi, kowane jeri a rubuta masa ranar da aka yanka shi, mai saye ya gani da idonsa. Kafintoci, ku daina karɓar falankin da aka yanka shekaranjiya don ya fi araha da 'yan nairori, domin in ƙofa ta buɗe baki sunanku ne ke ɓaci, ba na mai inji ba. Ma'aikatun gandun daji na jihohi kuma, malaman dajin da kuke turawa karɓar kuɗin izini, ku haɗa musu da aikin nuna wa mutane yadda ake jera itace da shafe bakin gungume. Abu ne da ake koya a wuni guda. Wanda kuma yake da bishiyoyin da ya yi niyyar sarewa bana, ya nemi mai sayensa tun yanzu, ya tanadi fentinsa da bulonsa da zanarsa kafin ya kira mai inji.